In Ɗan Wasa Ya Faɗi a Filin Zakka

Jama'a masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a filin sharhin wasanni. Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Zakka, manya da yara, da maƙwabtansu na Safana da Runka da Tsaskiya da Babban Duhu, har zuwa Batsari da Ruma. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya, Ya kawo mana ƙarshen abin da ke damun wannan yanki namu.

Maganar yau ta samari ce, amma ina roƙon iyaye da malamai kada su kashe rediyo, domin har da su nake. Magana ce a kan faɗuwar ƙarya a filin ƙwallo. Duk mai zuwa gidan kallo ya san abin da nake nufi. Ɗan gaba ya kutso cikin yadi na 18 da ƙwallo, ɗan baya ya miƙo ƙafa, wani lokaci ma bai miƙo ba, sai ka ga mutum ya zube warwas, ya kama ƙwauri yana birgima yana ihu, yana satar kallon alƙalin wasa. Da an busa usur an ba shi abin da yake nema, sai ya miƙe garau, ya kaɗe wando. A da a talabijin kawai muke ganin wannan, daga Turai. Yanzu ya sauko filayen makarantun firamare da na bayan gari. Yaro ɗan shekara 12, ba takalmi a ƙafarsa, a kan fili mai tsakuwa, ya iya faɗuwar nan tsaf tun bai iya tare ƙwallo da ƙirji ba.

Abin da ya sa lamarin yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ba haka muka gada ba. Ku duba wasannin da kakanni suka bar mana. A dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, wasa ya ƙare ko da a turmin farko ne. Shi ya sa za ka ga ɗan dambe ya sha naushi a muƙamuƙi, ƙafafu na rawa, ido ya rufe, amma yana ta tangaɗi yana neman yadda zai tsaya, domin ya san makaɗa na kallo, 'yan garinsu na kallo. Sunan Shago bai kai inda ya kai ba, har Ɗan Anace ya yi ta wasa shi, sai don maza da yawa sun sha ƙasa a hannunsa. A kokawa ma haka. Gasar Takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, wadda mutanenmu da ke kama tashoshin Maraɗi suke bi sau da ƙafa, duk a kan tambaya ɗaya take tafiya: wa ya kai wani ƙasa? Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobin nan sau da dama, kuma abin da ake faɗa a kansa a majalisa shi ne wuyar kayarwa. Langa fa, wasan yara a dandali? Ka faɗi ko ka saki ƙafa, ka fita. Ga kuma sharo na 'yan uwanmu Fulani, inda saurayi zai buɗe ƙirji a zuba masa tsumagiya har jini ya tsattsafo, shi kuwa yana riƙe da madubi yana duba fuskarsa, don kada ta tona cewa ya ji zafi.

A duk waɗannan babu inda faɗuwa ke jawo wa mutum riba. Babu ɗan damben da zai kai kansa ƙasa da gangan, sai dai in ya sayar da wasan, kuma wanda aka sani da haka ya gama shiga fage da mutunci. Da wannan ma'auni yaron Zakka na da ya tashi: namiji shi ne wanda aka tura bai faɗi ba.

To, me ya sa ƙwallon ƙafa ta bambanta? Ba don masu buga ta sun fi kowa mugun hali ba ne. Tsarin wasan ne ya buɗe ƙofar. Fili mai tsawon kusan mita 100, 'yan wasa 22, alƙali ɗaya a tsakiya yana gudu yana haki, wani lokaci jikin wani ya tare masa gani. Ga cin ƙwallo da wuya, ana iya shafe minti 90 ba a ga raga ta motsa ba. Bugun fenareti kuwa, a manyan gasanni, cikin huɗu kusan uku na shiga. Sai ɗan wasa ya auna: in dabarar ta ci, ya samu ƙwallo, wataƙila har a kori abokin hamayya, in ba ta ci ba, iyaka a nuna masa katin gargaɗi. Doka ta 12 cikin dokokin da hukumar IFAB ke tsarawa ta faɗa ƙarara cewa wanda ya nemi yaudarar alƙali, ta hanyar ƙaryar rauni ko ƙaryar an yi masa ƙeta, a ba shi kati mai ruwan ɗorawa. Dokar tana nan. Amma riba ta fi hukunci nauyi, shi ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Su kansu masu wasan ba su ɗauke shi abin kirki ba, sunayen da suka laƙaba masa sun isa shaida. Turawan Ingila suna kwatanta mai yin sa da wanda ya faɗa ruwa da ka, mutanen Sifaniya ma haka, Jamusawa kuwa da tsattsewa in ta yi ƙasa-ƙasa, masu ƙwallon kwando na Amurka da wanda ya saki jiki ya faɗi yaraf. A benci na gidajen kallonmu kuwa sai ka ji an ce raki ne, ko ya langaɓe, ko ya yi likimo. Duk cikinsu babu na yabo.

Sai dai yaro ba suna yake ji ba, sakamako yake kallo. Ranar 3 ga Yuni, 2002, a birnin Ulsan na Koriya ta Kudu, Birazil da Turkiyya suka haɗu a Gasar Cin Kofin Duniya. Ana dab da tashi, Birazil na da 2, Turkiyya na da 1, Rivaldo na Birazil na tsaye a kusurwa yana jiran ƙwallo. Hakan Unsal na Turkiyya ya doko masa ita cikin fushi, ta same shi a ƙafa. Sai Rivaldo ya dafe fuska da hannu biyu ya kife. Alƙali ya ba Unsal kati na biyu, ya kore shi. Duniya duka ta ga inda ƙwallon ta taɓa. FIFA ta ci tarar Rivaldo, amma ba ta hana shi buga ko wasa ɗaya ba, kuma a ƙarshen watan nan ya ɗaga kofin duniya. Wannan fa ba ƙaramin ɗan wasa ba ne mai neman suna, mutumin da aka zaɓa gwarzon duniya ne a 1999. Yaron da ya kalli wannan, wane darasi kuke so ya ɗauka?

Kada kuma mu ce halin Turawa ne da mutanen Kudancin Amurka. A 2010, a Johannesburg, Kader Keita na Kwaddebuwa ya je ya yi karo da Kaka na Birazil, aka taɓa shi a ƙirji, ya kama fuska ya faɗi, aka kori Kaka. Mu kanmu muna da namu. Manya za su tuna 5 ga Yuli, 1994, ranar da Najeriya ta kara da Italiya a Amurka. Amunike ya ci mana ƙwallo, muna gaba. Gianfranco Zola ya shigo daga benci, bai fi minti 12 a fili ba suka yi kiciɓis da Augustine Eguavoen, Eguavoen ya faɗi, alƙali ya zaro jan kati. Har gobe Italiyawa na cewa an zalunci Zola, kuma yawancin waɗanda suka sake kallon hoton da idon adalci sun yarda cewa abin bai kai na kora ba. A daren nan mun yi murna, ba wanda ya tsaya tambaya. Baggio ya rama ana saura minti biyu, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci, muka dawo gida.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan hanya shi ne Roberto Rojas, mai tsaron ragar ƙasar Chili. Ranar 3 ga Satumba, 1989, a filin Marakana, a wasan neman gurbin kofin duniya na 1990, Birazil na gaba da ci 1. Wata 'yar kallo ta jefo abin tartsatsin wuta, ya faɗi kusa da Rojas. Sai aka gan shi kwance, jini ya wanke masa fuska. 'Yan wasan Chili suka ɗauke shi suka fice, suka ƙi dawowa. Da hotuna suka fito, sai ga shi wutar ko taɓa shi ba ta yi ba. Reza ya ɓoye a safar hannu, shi ya yanki kansa. Aka ba Birazil wasan, aka hana Chili shiga gasar 1994, shi kuma aka haramta masa ƙwallo, ba a ɗage masa ba sai a 2001. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ku riƙe wannan kwanan wata, zan dawo gare shi.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, domin ba duk wanda ya faɗi ba ne maƙaryaci. Magoya bayan Arsenal, kuma na san suna da yawa a yankin nan tun zamanin Kanu, ba za su manta da Eduardo ba. A watan Fabrairu na 2008, a Birmingham, aka karya masa ƙafa mummunar karaya, har masu talabijin suka ƙi maimaita hoton. Ya shafe kusan shekara yana jinya. A watan Agusta na 2009, a wasa da Celtic, mai tsaron gida ya fito masa, ya faɗi, aka ba da fenareti. Hukumar UEFA ta ce yaudara ce, ta dakatar da shi wasa biyu, daga baya aka ɗaukaka ƙara aka soke hukuncin. Mutumin da ya taɓa ganin ƙashin ƙafarsa a karye, in ya hango ƙato ya nufo shi ya ɗauke ƙafa, ni ba zan yi saurin kiran sa mayaudari ba. Neymar ma, da duniya ta yi ta yi wa dariya a 2018 saboda birgima, har wani gidan talabijin na Suwizalan ya ƙirga cewa ya yi kusan minti 14 a kwance cikin wasanni huɗu, shi ne dai aka yi wa ƙeta sau 10 a wasa ɗaya da Suwizalan, kuma shi ne aka fasa wa ƙashin baya da gwiwa a 2014 a wasa da Kolombiya. Alƙalai ma suna da nasu kason laifi. In an shure ɗan wasa ya daure bai faɗi ba, sau da yawa ba a busa masa. In ya faɗi, a busa. Sannu a hankali an koya masa cewa dauriya asara ce. Don haka ina roƙon masu busa wasa a yankinmu: ku hukunta ƙeta a kan ƙetar, ko yaro ya faɗi ko bai faɗi ba. In kun yi haka kun raba shi da rabin dalilinsa.

Amma tsakanin wanda ya kauce wa karaya da wanda ya ƙaga laifin da ba a yi ba, akwai tazara, kuma shi mai faɗuwar ya fi kowa sanin a wane ɓangare yake.

Manyan ƙasashe sun yi ta neman magani da kuɗi da na'ura. A kakar 2017, hukumar ƙwallon Ingila ta fara dakatar da wanda ya yaudari alƙali wasa biyu, ko da sai bayan an tashi aka gano. Ɗan wasan Firimiya na farko da dokar ta hau kansa shi ne Oumar Niasse, ɗan Senegal mai buga wa Everton a lokacin, a watan Nuwamba na shekarar. A ƙwallon kwando ta Amurka, a 2012 hukumar NBA ta sa gargaɗi a karo na farko, tarar dala 5,000 a na biyu, tana hauhawa. Sannan ga na'urar VAR. Ranar 22 ga Yuni, 2018, a Rasha, alƙali Bjorn Kuipers ya ba Neymar fenareti a wasa da Kosta Rika, ya je ya duba allo, ya dawo ya soke. A gaban kyamarori masu yawa, birgima ta zama birgimar hankaka, kowa ya ga baƙinka ya ga farinka.

To, a Zakka fa? A gasar da samari ke haɗawa bayan girbi ko da Sallah, babu kyamara, babu allo, babu kwamitin da zai zauna ranar Litinin ya sake duba hoto. Alƙalin wasa malamin makaranta ne, ko tsohon ɗan wasa, ko wani bawan Allah da aka roƙa ya busa don zumunci. Mai ɗaga tuta ɗan unguwar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ne. Babu shinge tsakanin fili da 'yan kallo, babu jami'in tsaro. In alƙalin nan ya busa fenareti a kan faɗuwar ƙarya, ba jirgi zai hau ya bar ƙasa ba. Gobe da asuba a sahu ɗaya zai tsaya da waɗanda aka cuta, ranar kasuwa ma su haɗu. Za a ce an saye shi, za a ce ɗan unguwarsu ya bi, kuma wannan tabo ba ya gogewa da wuri. Shi ma ɗan bayan da aka ɗora wa laifin da bai yi ba, ya koma gida da baƙin ciki, yana jiran wasan gaba ya rama, kuma wannan karon da ƙafa ta gaske. Kowa ya san yadda wasan sada zumunci tsakanin unguwanni biyu ke rikiɗewa ya zama jifa da gora, a tashi ba a gama ba, a daina gaisawa wata da watanni. Yankin da ya sha wahalar rashin tsaro irin namu, inda filin ƙwallo yake cikin 'yan wuraren da suka rage samari na haɗuwa su yi dariya tare, bai da ƙarfin ɗaukar ƙarin gaba a kan ƙarya.

Mu kira abin da sunansa, ƙannena. Wanda ya faɗi ba a taɓa shi ba, shaidar zur ya yi da jikinsa. Ya ce wane ya yi mini laifi, alhali bai yi ba, ya sa an hukunta shi. In da baki ya faɗi haka a gaban mai unguwa, kowa zai ce ya yi ƙazafi. Malamanmu sun karantar da mu matsayin ƙarya da ha'inci a addini, kuma ban taɓa jin inda aka ce an ɗauke alƙalami na minti 90 ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi, shi ne ainihin dalilin da ya sa na ɗauko maganar. Na ce ku riƙe ranar da Rojas ya yanki kansa. Mako uku kafin nan, ranar 12 ga Agusta, 1989, a wasan neman gurbin wannan gasa ɗaya, Najeriya na buga da Angola a babban filin wasa na Surulere a Legas. Saura kusan minti 13 a tashi, Samuel Okwaraji ya faɗi. Bai sake tashi ba. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana da shekara 25. Ranar 26 ga Yuni, 2003, a birnin Lyon na Faransa, Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili, babu kowa kusa da shi, ya rasu a ranar. Na kusa da mu kuwa, ranar 8 ga Maris, 2020, a Lafiya, ƙungiyarmu Katsina United na buga da Nasarawa United, ɗan bayan Nasarawa Chineme Martins ya faɗi. Motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, aka rasa shi. Wannan a babbar gasar ƙasa ke nan.

Ga kuma Christian Eriksen na Danmak. Ranar 12 ga Yuni, 2021, a Kofanhegan, ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. Alƙali Anthony Taylor bai tsaya shawara ba, nan take ya yafito likitoci. Aka danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya dawo. Bayan wata takwas yana buga wa Brentford a Firimiya, daga nan ya koma Manchester United. Bayan ikon Allah, abin da ya taimake shi shi ne ba a ɓata lokaci ana tunanin ko da gaske ne ba.

Ba na cewa faɗuwar ƙarya ce ta kashe Okwaraji ko Foe ko Martins. Abin da nake cewa shi ne, in zuciya ta tsaya, 'yan mintoci ne tsakanin rai da ajali, kuma a filin Zakka ba mu da likita a bakin layi, ba mu da na'ura, ba mu da motar asibiti. Kafin a nemo mota a kai Dutsin-Ma ko Katsina, lokaci ya tafi. Jarinmu ɗaya ne: in yaro ya faɗi, mutane su gaskata, su ruga. Duk faɗuwar ƙarya tana ɓantarar wannan jari. Yau an faɗi an tashi ana dariya, gobe ma haka, jibi sai wani ya faɗi da gaske, 'yan kallo na ihun tashi ka ba mu wuri, alƙali na ɗaga hannu a ci gaba. Mutanen Safana da Batsari sun fi kowa sanin darajar ihun gaskiya. Sun san abin da ake nufi in an ji kururuwa da tsakar dare, sun kuma san irin cutar da mai ihun banza yake yi wa gari, domin ranar da abin ya zo da gaske za a juya kwanciya a ce ai wane ne. Faɗuwa a fili ita ma ihu ce, kada a lalata ta.

A nan ne ma zan ja hankali kan dauriyar da na yaba ɗazu. Jarumtar ɗan dambe da ta mai sharo abin alfahari ce, amma yaron da ke jin ciwon ƙirji in yana gudu, ko jiri, ko ya taɓa suma a fili, ko a gidansu an taɓa rasa matashi farat ɗaya, faɗin wannan ba raki ba ne. A kai shi asibiti a duba zuciyarsa kafin ya sake sa riga. Abin da muke so ɗaya ne, jikin ɗan wasa ya faɗi gaskiya, in da ciwo a sani, in babu kada a ƙaga.

Masu shirya gasa, akwai abin da za ku iya ba tare da kashe ko kwabo ba. A 2024 gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, ta kafa doka: wanda ya kwanta fiye da daƙiƙa 15 har aka shigo duba shi, zai fita ya yi minti biyu a waje, ƙungiyarsa ta buga da mutum 10. An keɓe wasu, kamar mai tsaron gida, da wanda ya bugu a ka, da wanda aka yi wa ƙetar da ta jawo kati. Wannan doka agogon hannu kawai take buƙata. Mai ciwon gaske ya samu hutun da yake buƙata, mai ƙarya kuma ya cuci abokansa, su da kansu za su gyara masa zama. Ku tara kyaftin-kyaftin kafin a fara gasa, a gaban dattawan gari, a amince da ita, a kuma amince cewa wanda alƙali ya kama da faɗuwar ƙarya sau biyu ba zai buga wasan gaba ba. Masu horarwa kuma, in yaronku ya samo fenareti ta wannan hanya, kada ku rungume shi. Ku zaunar da shi a benci, ko da shi ne ya fi kowa iya wasa. Kallonku yake yi fiye da yadda yake kallon Neymar.

Mu manya da ke cika benci a gidan kallo, mu ma a duba. In ɗan wasan abokan hamayya ya faɗi sai mu ce ɗan damfara, in namu ne sai mu ce wayo ne, ya iya wasa. Yaran da ke leƙe ta jikin zana suna jin mu. Me zai hana mu ba su labarin Robbie Fowler? A watan Maris na 1997, a tsohon filin Arsenal na Highbury, ya tsallake David Seaman ya faɗi, alƙali ya nuna fenareti. Fowler ya miƙe yana kaɗa hannu, yana gaya wa alƙali ba a taɓa shi ba. Alƙalin bai janye ba, amma UEFA ta yaba masa, kuma har yau ana tuna ranar. A watan Maris na 2014, Aaron Hunt na Werder Bremen ya yi haka a wasa da Nuremberg, shi kuwa alƙali ya saurare shi, ya soke bugun.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku sosai, musamman kyaftin da koci da alƙalai. In ɗan wasa ya faɗi babu wanda ya taɓa shi, kada a jira usur, a ruga. A kira sunansa, a girgiza kafaɗarsa. In bai amsa ba, a duba numfashi. In ba ya numfashi, ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, a ɗauka zuciya ce ta tsaya. Jikinsa na iya fizga kaɗan, kada a ce farfaɗiya ce ko iska a koma gefe ana jira. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Mutum ɗaya ya durƙusa, ya ɗora tushen tafin hannunsa a tsakiyar ƙirjin, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ya riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, ƙirjin na nutsewa kamar santimita 5. In ya gaji bayan minti biyu wani ya karɓa, ba a tsayawa. A lokaci guda wani ya tafi neman mota da ma'aikacin lafiya. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, jama'a kuma su ja da baya. In kuwa karo aka yi, ya bugu a ka ko a wuya amma yana numfashi, kada a ciccibe shi ana gudu, a riƙe kansa daidai da jikinsa har mai sani ya iso. Kafin gasar bana, masu shiryawa su je asibitin gari su roƙi ma'aikacin lafiya ya zo fili ya nuna wa kowace ƙungiya wannan dannawa da hannunsa, a kuma tanadi motar da aka tabbatar tana tashi, da mai a cikinta, da direbanta a bakin fili.